Gilashin ziyara: sunan da za a iya faɗa a bakin gadon mara lafiya

Jama'a, ina so mu tsayar da suna ɗaya, kuma ina da wanda nake goyon baya. Abin da ake nema wa sunan shi ne na'urar nan da ake ɗaura wa mutum a fuska ta rufe masa idanu, sai ya ga kansa a tsakiyar wani wuri daban, wadda Turawa suke kira virtual reality, suke kuma taƙaita sunan da haruffa biyu, VR. Masu wasannin kwamfuta sun daɗe da saninta, amma ni ba ta wajensu na biyo ba. Na biyo ta wajen masu jinyar mutanen da ciwo ya ci ƙarfinsu, waɗanda likita ya riga ya kira dangi gefe ya ce magani ba zai kawar da cutar ba, sai dai a rage raɗaɗi a ci gaba da addu'a. A wasu ƙasashe an fara sa wa irin waɗannan bayin Allah na'urar. Wata 'yar'uwa mai karatun aikin jinya a nan Zariya tana son rubuta takardar bayani da Hausa a kanta, sai ta tsaya cak a layin farko, don ba ta san me za ta kira ta ba.

Bari in fara da yadda take aiki, don ba a raɗa wa abu suna ba a san shi ba. A cikinta akwai ƙaramin allo da gilasai biyu, kowane ido da nasa. Hoton da ake nuna wa idon dama ya ɗan bambanta da na hagu, shi ya sa ƙwaƙwalwa take gane wannan na kusa ne, wancan na nesa. Sannan akwai abin da ke lura da motsin kai. Ka waiwaya dama, ka ga abin da ke damanka. Ka ɗaga kai, ka ga sararin sama. Ka sunkuya, ka ga ƙasa. Ana sabunta hoton sau 72 ko 90 a daƙiƙa ɗaya, wani lokaci ma fiye, don kada ido ya kama tsaikon. Wannan waiwayen shi ne ya raba ta da talabijin. A talabijin kana kallon wuri ne daga waje. A nan kuwa wurin ne yake kewaye da kai.

Ba sabuwar aba ba ce. Ivan Sutherland ya haɗa irinta a Amurka tun 1968, wadda aka haɗa ta da wani ƙarfe da ke rataye daga rufin ɗaki. Jaron Lanier ne ya yayata sunanta na Turanci a shekarun 1980. Ta fara shiga gidajen mutane sosai bayan da Facebook ya sayi kamfanin Oculus a 2014 a kan kuɗi wajen dala biliyan 2.

Shigarta asibiti ta fi damuna. A ƙarshen shekarun 1990, Hunter Hoffman da David Patterson na Jami'ar Washington da ke Seattle suka fara gwada ta a kan masu ƙunar wuta. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai ƙuna lokacin wankin ciwo ya san irin ihun da ake yi. Suka shirya musu wuri mai ƙanƙara da sanyi da mutum zai shiga yana jifa yana kallo, ana tsaka da wanke masa ciwon, kuma marasa lafiyar suka riƙa cewa zafin ya ragu. Dalilin ba boyayye ba ne. Hankalin ɗan Adam kamar ƙofar zaure yake, ba ta ɗaukar mutum biyu a lokaci guda. Idan kallo ya cika ta, zafi sai ya jira ko ya raɓa ta gefe. A watan Nuwamba na 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani shiri na irin wannan na'ura don masu ciwon baya mai daɗewa. A Japan kuma, a 2019, an wallafa wani bincike da aka yi da mutum 20 masu ciwon daji da ya kai matakin ƙarshe, inda aka yi amfani da manhajar taswirar duniya ta Google Earth aka kai su wuraren da suke tunawa ko suke marmarin zuwa, aka kuma ga sauƙi a ɓangaren zafi da damuwa da ƙuncin rai. Mutum 20 ba su da yawa, kuma galibin binciken da aka yi a wannan fanni kan mutane kaɗan ne. Babu likitan kirki da zai ce ta maye gurbin mofin ko sauran magungunan kashe zafi. Taimako ce a gefe.

To, sunan. Ma'aunina ɗaya ne. Ku ɗauki dattijo da aka kawo asibitin koyarwa na Shika daga Giwa ko Soba ko Funtuwa, ya yi makonni a kwance, ya san jikinsa, ya kuma lura da yadda 'ya'yansa suke rage murya idan likita ya fita. Nas ta zo da na'urar a hannu. Wace kalma za ta faɗa masa wadda ba za ta tsorata shi ba, ba za ta yaudare shi ba, kuma ba sai an tsaya dogon sharhi ba? Duk sunan da ya faɗi a nan ya faɗi, komai daɗinsa a takarda.

Da yawa daga cikin waɗanda na tuntuɓa sun fara da kalmar duniya: duniyar kwaikwayo, duniyar gizo, sabuwar duniya. Na fahimci dalilinsu, don lallai mutum yana jin kamar ya sauya wuri. Amma ku faɗi jimlar da bakinku ku ji. "Baba, za mu sa maka wannan ya kai ka wata duniya." Ga mai lafiya wannan talla ce. Ga wanda yake kwance yana lissafin kwanakinsa kuwa, ba duniya ce zai ji ba, lahira zai ji. Ba na son a furta wannan a kunnen mahaifin kowa. Saboda haka duk sunan da ke ɗauke da duniya na ajiye shi gefe.

Wani malamin makaranta ya kawo zahirin kwaikwayo, wani ya ce gaskiyar kwaikwayo. Waɗannan sun bi sawun Turancin ne taku bayan taku, kuma a Hausa sai suka zama magana mai karo da kanta. Zahiri shi ne abin da babu shakka a kansa. Kwaikwayo kuma yana janyo wasan kwaikwayo a zuciya, mutum ya ɗauka fim za a kunna masa. Larabawa sun ce alwaƙi'ul iftiradi, ya kuma zauna musu daram, amma in aka ɗauko shi sai an yi wa tsohuwa fassara biyu kafin ta gane.

Rufa-ido ya zo a bakin mutane da yawa, don na'urar tana rufe ido da gaske. Sai dai mun san wa ake kira mai rufa-ido: ɗan dabo ne, mai siddabaru a bakin kasuwa. Dattijon da ya yi rayuwarsa yana gudun irin waɗannan abubuwa ba zai yarda a ɗora masa su a fuska ba a lokacin da ya fi kowane lokaci son tsarkake tsakaninsa da Ubangijinsa. Haka madubin gani-nesa da makamantansa. Madubi kalma ce mai kyau, da ita ma ake kiran tabarau, amma da zarar an ce madubi zai nuna maka garinku kana kwance a Shika, wasu zukatan sun tafi wajen masu duba.

Mafarkin ido biyu ya ba ni sha'awa, na daɗe ina juya shi. Abin da ya sa na bar shi shi ne halin da marasa lafiya suke shiga. Mutumin da ke shan magani mai ƙarfi, ko wanda ciwo ya taɓa masa hanta ko ƙoda, yakan shiga ruɗewa, ya kasa raba mafarki da farke, ya riƙa kiran waɗanda suka daɗe da rasuwa. Masu jinya suna fama ne su dawo da shi hayyacinsa. Bai kamata mu ba su kayan aiki mai sunan mafarki ba. Ban da haka, a bakinmu mafarkin ido biyu buri ne da ba zai cika ba.

Akwai majigin fuska, wanda wani dattijo a Tudun Wada ya ba ni, kuma shi ne ya fi kusa da burge ni cikin waɗanda na bari. Majigi tsohuwar kalma ce da muka ara tun zamanin da motocin gwamnatin mulkin mallaka suke zagaya garuruwa da dare suna haska fim a fili, har yau kuma da ita muke kiran na'urar haska hoto a bango. Tsofaffi sun san ta, ba ta da tsoro, ba ta da ƙarya. Inda ta gaza shi ne majigi abin kallo ne daga nesa. Kana zaune, ga farin ƙyalle can gabanka, in ka waiwaya jama'a za ka gani. Ta bar ainihin abin da ya sa na'urar ta zama ita.

Matasa kuma sun so a yi irin ginin da muka saba, na a-daidaita-sahu da a-kori-kura da dafa-duka, suka ce kai-ni-can. Ginin Hausa ne tsantsa, yana da daɗi a baki, kuma ba zan yi mamaki ba in shi ne ya bazu a shagunan wasa. Amma a ɗakin jinya, ina ne can? Mu da muke cewa wane ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya sa can ta fi nan, ba ma buƙatar a yi mana bayani.

Wannan tsantsenin ba ni na fara shi ba. Ita kanta jinyar da muke magana a kai, sunanta na Turanci da kunnen mara lafiya aka zaɓe shi. Cicely Saunders ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, ita ce kuma ta koyar da cewa zafin mai ciwon ajali ba na jiki kaɗai ba ne, akwai na zuciya, da na tunanin iyali, da na tsakanin mutum da Mahaliccinsa. Wani likitan Kanada, Balfour Mount, ya je ya ga aikinta, ya dawo Montreal ya buɗe irin sashen a asibitin Royal Victoria a tsakiyar shekarun 1970. Sai ya lura cewa kalmar da Ingilishi suke amfani da ita, wato hospice, a kunnen masu jin Faransanci tana nufin gidan ajiye gajiyayyu da marasa galihu. Ya bar ta, ya ɗauko wata, palliative, da tushenta a Latin yake nufin mayafi, wato abin da ake lulluɓa wa mutum. Ita ce ta bi duniya.

Nawa zaɓin shi ne ziyara. Na'urar a kira ta gilashin ziyara, abin da ake yi da ita kuma a kira shi ziyarar ido.

Ba daga ƙamus na samo shi ba. Na taɓa tsayawa a shagon wani mai gyaran waya a unguwar PZ inda yake da irin mai arhar nan da ake zura waya a ciki, mutane suna karɓa ɗaya bayan ɗaya. Na kasa kunne ga abin da suke faɗa idan sun cire. Babu wanda ya ce na kalla. Wani ya ce, "Kai, wallahi kamar na je." Wani ya miƙa hannu zai taɓa bango, da aka zare masa sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To, na dawo." Zuwa da dawowa, su ne kalmomin da bakinsu ya kama da kansa. Kuma tafiyar da ake yi da niyyar a gani a dawo, ba ƙaura ba, ba ci-rani ba, sunanta ziyara.

Dawowar nan ita ce ta fi muhimmanci a wurina. Duk sauran sunayen suna kai mutum ne su bar shi a can. Ziyara kuwa tana ɗauke da alƙawarin komowa a cikinta, shi ya sa ba ta firgita wanda ke kwance. Ido kuma shi ne yake tsare gaskiya: ya gaya wa mutum tun farko cewa ido ne zai je, ƙafa tana nan a kan gado. Ku gwada jimlolin. "Iya, sannu da jiki. Ga gilashin ziyara na kawo, ina kike son zuwa yau?" "Baba, in ka ji jiri ka ɗaga hannu in cire maka." "Ya isa haka, Hajiya, mu dawo, gobe ma rana ce." Ko mai jinya ya gaya wa ɗan'uwansa a waya, "Yau an kai Malam ziyarar ido har gona." Babu inda harshe ya yi tuntuɓe.

Tsare gaskiyar nan yana da wani amfani da ya shafi addini. Na tabbata wurin da mutanenmu za su fi nema shi ne Makka da Madina, musamman wanda ya yi shekaru yana tara kuɗin kujera ciwo ya riga shi. A ƙarshen 2021 hukumar kula da Masallatai Biyu Masu Alfarma ta ƙaddamar da wani shiri na ganin Hajarul Aswad ta irin wannan na'ura, aka yi ta muhawara, har hukumar addini ta Turkiyya ta fito ta ce wannan ba ya zama aikin Hajji. Sunanmu ya riga ya raba gardamar, don wanda ya yi ziyarar ido ya san bai yi ɗawafi ba, ya dai ga Ɗakin Allah ya ji sanyi a ransa. 'Yan'uwanmu Kirista na Wusasa da Sabon Gari ma da kalmar ziyara suke kiran tafiyarsu ta ibada zuwa Urushalima, don haka suna ɗaya ya ishe mu duka.

An yi mini gyara guda biyu da suka cancanci amsa. Na farko, cewa ana ziyarar maƙabarta, don haka ita ma kalmar tana da inuwar mutuwa. Gaskiya ne ana yi, amma sai an ambaci maƙabartar. In aka ce wane ya kai ziyara kawai, dangi da abokai ne suke zuwa zuciya. Na biyu, cewa na'urar tana da sauti, ido kaɗai bai wadatar ba. To ai fim ma yana da sauti, muna ce masa kallo, gidan da ake nuna ƙwallo da ihun mai sharhi kuma gidan kallo muke kiransa.

Abin da na yarda da shi shi ne ziyarar ido ba za ta rufe dukkan ayyukan na'urar ba. Yaron da ke harbi a wasan kwamfuta ba ziyara yake yi ba, haka ɗalibin likita da ke koyon tiyata da ita. Ga 'yan jarida da masu fassara labaran kimiyya, fasahar kamar-gaske ta wadatar a matsayin babban suna. Ba dole ba ne kalma ɗaya ta Turanci ta samu kalma ɗaya tak a Hausa. Garin nan ya san wannan aikin, don a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana edita, kuma tun daga lokacin kalmomin da suka rayu su ne waɗanda bakin talaka ya iya ɗauka. Mun ƙirƙiri na'ura mai ƙwaƙwalwa, mutane suka ce kwamfuta. Mun ce wayar tafi-da-gidanka, suka gajarce ta zuwa waya. Gilashin ziyara gajere ne, ina sa ran zai tsira.

Sunan kuma yana koya wa mai amfani da shi ladabin abin. Ba a kai mutum ziyara dole, sai an tambaye shi. Ba a tura mara lafiya ziyara shi kaɗai, sai da ɗan rakiya zaune a gefensa riƙe da hannunsa, yana tambayarsa me yake gani. Ba a daɗewa; mintuna kaɗan sun isa, don mai kyau daga cikin na'urorin tana kai rabin kilo, kuma wuyan da ya rame ba ya jure wannan. Tana iya kawo jiri da tashin zuciya, saboda ido yana cewa ana tafiya, kunnen ciki kuma yana cewa ana kwance. Wanda ya riga ya ruɗe, ko mai farfaɗiya, ko mai ciwo a fuska ko a ka, sai da izinin likita. A goge ta tsaf kafin a sa wa wani. A kuma shirya wa hawaye, don ganin gida yana iya tayar da abin da ya kwanta.

Gidan nan shi ne inda nake ganin amfaninta zai fi yawa a wajenmu. Hotunan da ke zuwa cikin na'urar na bakin teku ne da duwatsun ƙanƙara, abin da bai dami tsohon manomi daga Maƙarfi ba. Shi so yake ya ga dawarsa ta fitar da kai. Akwai kyamarar da ke ɗaukar kowane ɓangare a lokaci guda. Jika zai iya kai ta gida ya kafa ta a tsakar gida, daidai tsayin mutumin da ke zaune a kan tabarma, ya bar ta a wuri ɗaya kada ya yi yawo da ita, don yawon ne ke kawo jiri. Ta ɗauki rumbu da turken awaki da murhu yana hayaƙi, yara suna shiga suna fita, uwargida tana tankaɗe tana cewa a gaishe da Malam. Ga ɗan birni kuma, a ɗauko masa Ƙofar Doka da yamma, ko dawakan Hawan Daushe suna wucewa, ko sahun masallacin unguwarsu inda ya saba tsayawa.

Na san za a ce muna neman suna ga kayan alatu alhali maganin kashe zafi ma bai wadata ba. Maganar tana da nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar irin wannan jinya kowace shekara, kuma kusan kashi 14 cikin 100 ne kaɗai suke samu. Mofin ne a gaba, da horar da ma'aikata, kamar yadda Anne Merriman ta nuna a Uganda tun 1993 da mofin na ruwa mai arha. Gilashin ziyara yana bayan waɗannan, yana kuma bayan dubiya, don ranar da dangi suka fara aiko hoto maimakon su zo da ƙafarsu, an yi asara. Amma na'urar za ta iso ko mun shirya ko ba mu shirya ba, kuma in ta iso ba ta da suna, duk wanda ya fara kawo ta shi zai laƙaba mata wanda ya ga dama.

Saura sunan ita jinyar kanta. Ana rubuta kulawar ƙarshen rayuwa, ni kuwa ba na so, don babu nas ɗin da za ta iya faɗar haka a gaban dangi, kuma ajali ba a hannun likita yake ba. Ita wannan jinya ma ba sai ana gab da mutuwa ake fara ta ba. Ina karkata ga jinyar sassauci, wasu sun fi son jinyar rangwame. Wannan ban tsayar ba tukuna. Ma'aikatan jinya na Shika da Wusasa da Gambo Sawaba, da malamanmu na sashen harsuna a Samaru, ku gwada su duka a bakin aiki, ku gaya mana wanda dangin mara lafiya suka maimaita da kansu ba tare da an sake faɗa musu ba.